Daminar da Na Yi Noma a Zaune

Ni na tsinke kurkununa da hannuna, ba wanda ya sa ni. Gara in faɗa tun da wuri, don shekaranjiya da ruwan shuka ya sauka na tarar da ƙanena Audu a bakin zaure yana naɗe nasa a jikin tsinke, yana ja yana cije leɓe. Na kai masa rankwashi, na ce ya bi a hankali. Ya dube ni ya ce, "Kai wa ya koya maka?" Na ce masa gwiwata.

Abin ya daɗe ƙwarai, tun duniya na kwance. Shekara huɗu ke nan in an bi lissafin Inna, amma ni a jikina ya fi arba'in. Lokacin ba a fara zancen jirgin ƙasa zai iso Gusau ba, ba a kuma haƙa rijiyar ƙofar gari ba. Tafki ɗaya muke sha da shanun Fulani, sai ka hure kainuwa da ƙwari kafin ka kafa baki. Wasu na cewa daga nan kurkunu ke zuwa, wasu na cewa gado ne. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne mugunta gare shi. Duk rani yana kwance a jikin mutum bai ce uffan ba, sai ya ji an ɗauki hauya sannan ya huda fata ya leƙo, fari, siriri, kamar zaren abawa. Maganinsa haƙuri: kullum ka naɗe ɗan abin da ya fito a tsinke, ka ɗaure, ka bar shi. In ya tsinke, sauran ya koma ciki da fushinsa.

A shekarar ce Baba ya fara yanka mini gayauna. A gidanmu duk namiji gandu yake yi wa aiki daga safe zuwa azahar, abin da aka samu ya shiga rumbun gida. Gayauna kuwa taka ce kai kaɗai, da yamma kake zuwa da ranar Juma'a, abin da ka noma ba mai tambayarka. Tawa tana bakin hanyar Wanke, ba ta da wani girma, amma a can ƙarshenta akwai gawo inda shanu ke kwanciya da rani. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, ko tsakuwa ka shuka sai ta yi zangarniya. Labbo, ɗan ƙanen Baba, shi ma ita yake so. Sa'ana ne, wuya kawai ya fi ni. Ranar da aka ba ni sai da ya ƙi cin tuwo, ni kuwa na taya shi cinye rabonsa don kada a yi asara.

Bazarar waccan shekarar ba irin ta yanzu ba ce. Rana ta yi ta duka har ƙadangaru suka daina gyaɗa kai, kaji na tafiya baki buɗe. Hadari ya haɗu a gabas ta wajen duwatsun Tsafe, ya yi baƙi, ya yi ruri, mu fito da ƙorai, sai iska ta kwashe shi ta kai wa mutanen Bungudu. Sau nawa ana haka. Ranar da ya ga dama ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari, har tsofaffi sai da suka fito suka tsaya a ciki. Da asuba Baba ya ɗauki sungumi yana sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Da yamma na shuka gayaunata gero, ina tafe ina lissafin rigar da zan saya da kaka.

Gero na fitowa kamar kunnen ɓera, sai ga ƙurji a gefen gwiwata ta hagu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Ya fashe, kurkunu ya leƙo. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta ɗaura mini shi a tsinke, ta ja kunnena.

"Maigidana, kullum tsawon gaɓar yatsa. In kaƙ ƙara, ba ni zaman aure da gurgu."

"Wa zai kwashe ki in na sake ki, tsohuwa?"

"Labbo na nan, ƙahwahunai biyu lahiya lau."

Na bi maganarta har na ɗan lokaci. Sai wata rana muna zaune da yara a bakin tafki, masu kurkunu mun kai mu biyar, kowa na nuna nasa. Wani ya ce na babansa da aka warware ya kai daga zaure har rumbu. Na ce wannan ai jariri ne, nawa in na ga dama sai in ɗaura kansa a nan in kai wutsiyarsa kasuwar Bungudu. Suka ce ƙarya. Na kwance tsumma, na kama tsinke na murɗa. Ya biyo. Na ƙara murɗawa, yara na ihu, ya ƙara biyowa. A na uku na ji ɗis. Ga tsinke a hannuna, ga rami a gwiwa ba komai a bakinsa. Wani ƙaramin yaro ya ce, "Bawa, ka mutu."

Ban mutu ba, amma kafin Juma'a ta zagayo gwiwata ta zama ƙwarya, tana sheƙi, ko ƙuda ya sauka a kai sai na yi ƙara. Zazzaɓi ya rufe ni. Aka shafa ganye, aka ɗaura, aka yi tofi, kumburi sai gaba yake. Baba ya duba ya duba, ya aika Tsafe a kira Wanzam Sanda.

Tsakanina da Wanzam Sanda akwai tsohuwar gaba, don shi ya yi mini kaciya. Da hantsi ya iso a kan jakinsa, da zabira a rataye, yana murmushi kamar wanda ya zo biki. Ya latsa gwiwar da babban yatsa, na ambaci sunayen kakannina har da waɗanda ban sani ba.

"Ta nuna," in ji shi. "A hura wuta."

Aka kai ni bayan gida, aka kifa turmi aka ɗora ƙafar. Ƙanen Baba ya danne kafaɗuna, Baba ya riƙe ƙafar, Labbo ya zauna a kan ɗayar, kuma na rantse da daɗi ya zauna. Na ga wanzam ya sa wani siririn ƙarfe a wuta har ya yi ja. Kaka ta leƙo ta kan danga.

"Kak ka yi kuka, 'yan mata na bakin rijiyar makwabta suna saurare."

"Ba mu da rijiya a garin nan!" na ce da ita.

"To ka ga hankalinai na nan," in ji wanzam, ya tsaga da aska, ya bi da ƙarfen.

Ihun da na yi, an ce jakunan Kucheri sun amsa. Na ji ƙaurin naman jikina kamar ana babbakar kan akuya. Abin da ya fito kuwa ba zan faɗa ba, don wataƙila wani na cin abinci. Ya kafa ƙaho ya zuƙe saura, ya zaro guntayen kurkunun da ya ruɓe, ya cusa auduga da wani garin magani mai raɗaɗi, ya ɗaure. Yana wanke hannu ya ce da Baba, "Miki zai warke. Abin tsoro shi ne ta ƙage. Kullum ya miƙe ta, ko yana kuka." Na ji shi sarai. Amma miƙewa da zafi, naɗewa da daɗi, sai na kwanta na dunƙule kamar bushiya.

Nan damina ta kankama ba ni. Ina kwance a ɗakin Kaka, ruwa na ɗiga ta jinka cikin kasko, kwaɗi na kiɗa a tafki, sauro na amshi. Da sassafe in ji ƙarar hauyoyi ana fita, da azahar in ji an dawo ba mai magana saboda gajiya. Lokacin ne kuma hatsi ke ƙarewa. Da kaka in Inna za ta ɗebo dawa, hannu kawai take miƙawa cikin rumbu. Yanzu sai ta shige gaba ɗaya, mu ji muryarta daga ƙasa kamar mai magana a rijiya. Tuwo ya koma sau ɗaya, da dare. Da rana ganyen tafasa ne, a dafa, a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Mun ci tafasa har in muka yi gyatsa awaki na waiwayowa.

Ni kaɗai nake shan fura. Kullum da hantsi Kaka ta dama mini ɗan dunƙule da nonon da take karɓa wurin wata Bafulatana a bakin zaren da take kaɗi. Na ɗauka ciwo sarauta ce, har ina tunanin in wannan ta warke ko in nemi wani kurkunun a ɗaya ƙafar. Sai wata rana na leƙa ƙwaryarta, na ga ruwan tafasa ne tsagwaro, kore shar.

"Ina taki furar?"

"Haƙorana ba su son ta."

"Fura ce ke son haƙori?"

"Sha ka ba ni ƙwaryata, mai bakin tsiya."

Na sha, amma ranar ba ta wuce mini da daɗi ba.

Da mikin ya kame aka kwance tsumma, na ce bari in tashi in nuna musu. Na dafa bango na miƙe, ƙafar hagu ta ƙi sauka ƙasa. Ta lanƙwashe kamar lauje, yatsuna na lilo a sama. Na tura, na danna, na zage ta, ko gezau. Inna ta juya baya ta shiga ɗaki. Ban ga abin dariya ba ranar, ni da nake samun abin dariya ko a wurin zaman makoki.

Da yamma Labbo ya shigo yana goge hauya, ya ce, "Na biya ta gayaunarka. Ciyawar harƙiya ta kai gero tsawo. Na ɗan taɓa maka wajen gawo, don zumunci." Na san irin wannan zumunci. Wanda ya nome, shi zai ce a ba shi. Kuma a daren na ji ƙanen Baba na cewa a zaure, shekarar yunwa ba a barin ƙasa mai kyau a hannun mai kwance. Baba bai musa ba.

Washegari na ce da Kaka ta yi duk abin da za ta yi. Ashe jira take. Ta dafa ruwa da ganye ta gasa gwiwar har ta yi laushi, ta mulke ta da man kaɗe, ta ɗora diddigena a kan kujerarta ta tsugunno, sannan ta naɗo ɗan dutsen niƙa a tsumma ta aza a kan gwiwar. Dutsen nan da hannu ɗaya take ɗaukarsa, amma a kaina ya fi dutsen Kwatarkwashi nauyi. Ta zauna gefe tana kaɗi, in na kai hannu zan ture ta buge ni da mazari. Safe da yamma haka. Ƙafar ta riƙa sauka kaɗan-kaɗan, yau babban yatsa ya taɓa ƙasa, wani mako tafin ya bi.

Amma ciyawa ba ta san ana jinya ba. Sai na sa Audu ya kai ni gona a kan jaki, na ɗaura buzun akuya a gindi, na zauna tsakanin layin gero da guntuwar hauya. In nome abin da hannuna ya kai, in dafa ƙasa in ja gindi gaba, in sake. Gayaunar kuwa a bakin hanya take, duk mai zuwa Wanke sai ya tsaya.

"Sannu da hutawa, sarkin noma!"

"Yaro, gonar kaka nomewa ko shara kaka yi mata da ɗuwawu?"

Wani Bafulatani ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallona, ya ce shi dai ya yi yawo har Gobir bai taɓa ganin Bahaushe ya kwanta wa gero kamar kaza a kan ƙwai ba. Na ce masa ya dawo da kaka ya ga 'yan tsaki. Buzu biyu na cinye a daminar, amma na gama noman fari, na yi maimai, gero ya sha iska ya yi duhu. Na fara takawa da sanda, ina tafe ina rangaji kamar raƙumin da ya sha giya.

Saura huɗa, ita kuwa ba a yin ta a zaune. Sai ka tsaya ka duƙa, ka kafta galma, ka ɗago ƙasa ka kife a gindin gero, kuyya bayan kuyya, wato kunyar gona. In ba a yi ba, iskar ƙarshen damina ta kwantar da karan duka. Baba ya kira ni da Labbo zaure. Ba mai yawan magana ba ne.

"Bawa, ka yi ƙoƙari, na gani. Amma gona ba ta zama hannun mai zaune. Ran Juma'a ka ɗauki galma ka hwara daga bakin hanya. Inda duk ɗuwawunka suka taɓa ƙasa, nan ne iyakarka. Abin da yar rage na Labbo ne, da geron da ƙasar."

"In na kai ƙarshe fa, Baba?"

"Kai dai kai."

Ranar Juma'a an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi taushi, gari ya yi luf. Na isa tun rana ba ta fito ba. Ban san yadda labari ya bazu ba, sai ga mutane a bakin hanya kamar ana dambe. Baba ya tsaya da damin saiwar gamba a hannu, wadda za a dasa a iyaka. Na tofa yawu a tafi, na kafta.

Kuyyar farko na ji kamar ana zare mini jijiya ta ƙeya. Ta biyu ma haka. Daga nan jiki ya yi zafi, gwiwar ta ɗan saki, na gano dabara: in tura ta dama gaba ta ɗauki nauyi, ta hagu ta biyo baya tana rakiya. Gumi na shiga idona, ganyen gero na yankar wuya, laka na riƙe ƙafa. In na gaji sai in kafa galma in jingina da ƙotarta, in ɗage mai ciwon kamar shamuwa.

Da hantsi ya ɗaga na wuce rabi. Labbo ya ga abin na gaske ne, ya je ya shimfiɗa tabarma a gindin gawo, ya kishingiɗa yana miƙa.

"Wash, daɗi! Ɗan'uwa, zo ka ɗan zauna mana. Ai ba gudu gonar za ta yi ba."

"Ɗumama mini wurin, ina tahe."

Kaka ta iso da ƙwaryar ruwa a ka, tana tafe tana haki. Ta kafa mini a baki ina tsaye, ta zuba saura a kan gwiwar, wadda ta fara kumbura tana bugawa kamar kalangu.

"In kaz zamna, na koma ɗakin Labbo yau ɗin nan," in ji ta.

"Ki fara haɗa tsummokaranki, ni amarya zan yi da geron bana."

Rana ta take tsaka. Masu kallo suka daina ba'a, sai "Sannu, Bawa" nake ji jefi-jefi. Ba na ganin komai sai bakin galma da ƙasar da ke kifewa. Ƙasar ta fara baƙi, alamar na shigo yankin gawo. Inuwar rassansa ta taɓa kaina. Labbo ya tashi zaune ya naɗe tabarmarsa da kansa. Na ɗaga ido na ga abin da ya rage bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

In yara suka tambaye ni yadda aka yi, nakan ce musu gamsheƙa ce ta taso daga gindin gero, tsawonta ya kai igiyar guga, ta fasa kai, na yi tsalle na shaƙe ta da hannu ɗaya, garin kokawa muka faɗi tare. Wani lokaci nakan ce biyu ne.

Cinnaka ne. Guda ɗaya. Ya hau ƙafata ta dama, mai lafiyar, ya bi ta cikin bante ya sami wuri mai taushi ya kafa baki. Ban yi shawara da kowa ba na ɗage ƙafar na kai mata mari. Sai da na mare shi na murtsuke, sannan na tuna a kan wace ƙafa nake tsaye. Na dubi ƙasa. Ta hagu ce, ita kaɗai, a miƙe, tana rawa amma tana riƙe da ni. Kaka ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Ta ɗauke shi! Wallahi ta ɗauke shi!" Ina jin haka na buɗe baki zan yi kirari, gwiwar ta ce ita fa ta gama, na zauna daɓas cikin laka.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma ce sannu ba. Ya tako ya dubi inda na zauna, ya ce in matsa. A cikin ramin da ɗuwawuna suka yi ya dasa gamba ta farko, ya ja layi har ɗaya gefen. Sannan ya miƙo hannu ya tashe ni, ya ce gobe in fito gandu da wuri, an gaji da yi mini aiki.

Kuyya huɗu suka rage, da gawon a cikinsu. Labbo ya huɗe su kafin la'asar, kuma har bana shi ke shuka wurin. Sauran gonar tawa ce. Washegari na fita gandu a layi ɗaya da kowa, ni ne na ƙarshe a kowace kuyya har aka gama huɗar shekarar.